Tukwanen Abijan

Sabulu kwali ɗaya. Sukari. Ganyen shayi. Goro a jiƙaƙƙen tsumma. Man zafi na gwiwa. Turmin atamfa kore wanda Inna ta zaɓa, irin da ni ba zan ɗaura ba ko a mafarki. Caja. Fallen takarda ɗaya, ninki huɗu.

Kayana ke nan a motar Illela ranar Talata da hantsi. Akuyar da ke ƙarƙashin kujerata ba tawa ba ce, amma tun daga Tsarnawa ta ɗauke ni 'yar uwa, tana taunar bakin mayafina. Mai ita ya ce in yi haƙuri, ba ta saba da mota ba. Na ce ba komi, ni ma ban saba da akuya ba.

Masu karatu, sannunku da jira. Wadda yau ta fara shigowa ta matso in taƙaita mata. Sunana Hamdiyya, 'yar Ƙonni, shekarata ashirin da bakwai, abin da a unguwarmu ake faɗa da ƙaramar murya kamar sunan cuta. Shekara shida na yi a Maroko ina karatun aikin tashar jiragen ruwa, wato yadda kaya za su sauka daga jirgi su hau mota ba tare da takarda ta ɓace a hanya ba. Na gama, na dawo da diplom ɗin teku garin da ko kwalekwale babu. Shekara ɗaya da rabi ina gida ina taya Inna tsintar shinkafa, maƙwabta suna leƙowa su ga abin da lakwal, wato makarantar boko, ke mayar da mutum.

Sai Attahiru. Ɗan Galmi ne, fataken albasa ne su tun kakansa. Kafin wata ta fara yi mini kuka a wurin sharhi: ba wanda ya tilasta ni. Ni na gan shi na ce ina so. Dogo ne, ba ya surutu, in ina magana yakan saurara har in kai aya, abin da ban saba gani ba a Ƙonni, balle a Maroko. Yana shafa turare mai kyau, albasa tana biyo bayan turaren da kamar minti ɗaya. Na saba.

Mako uku da suka wuce wani kamfanin fiton kaya ya ɗauke ni aiki. Suna da buro, wato ofis, a gari uku na bakin teku: Abijan, Lome, da San Pedro. Suka ce in zaɓi ɗaya, in ba su amsa kafin azahar ɗin Alhamis ɗin nan, in ba haka ba akwai mai jira a bayana. Na kai wa Attahiru maganar ina shirin faɗa. Ya gyara hularsa ya ce:

"Ke ka da ilimi, ke za ki zaɓa. Inda kinka ce, can za mu zamna."

Ku gaya mini, wace ce ba za ta narke ba?

To, ni 'yar boko ce. Na ɗauko takarda na ja layuka. Asibiti, cunkoson motoci, nisan gida, ruwan sama, makarantar yaran da ba a haifa ba, sai layin ƙarshe: 'yan gida. Kowane gari na ba shi maki bisa goma. Kwana huɗu ina wannan aiki kamar mai jarrabawa. Abijan ta ci, kuma layin ƙarshen ne ya ɗaga ta, don mutanenmu sun cika can, na ba ta goma cif. Shekara shida na yi ina cin abincin salla ni kaɗai a ɗakin ɗalibai. Ba zan ƙara bayani a kan wannan ba.

Ranar Juma'a na faɗa a gida. "Abijan."

Inna ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse. Baba, wanda rabon da in ga haƙoransa tun ranar da na sauka daga jirgi, ya yi murmushi, kafin azahar ya aika da goro Galmi. Uwar Attahiru ta kira ni da kanta, tana ta sa mini albarka, tana ce mini uwar baƙi. Na ɗauka kirari ne irin na tsofaffi. Mai diplom ba ta tsaya ta tambayi kanta me ya sa sunan gari zai sa gida biyu murna haka ba.

Inna ce ta ce in tafi Illela wurin Goggo, yayar Baba, wadda ta yi shekara ashirin da biyu a Abijan. "Ta sa miki albarka, ta koya miki zaman can." Na ce to. Na ɗauko takardata ma don in nuna wa tsohuwa yadda ake zaɓen gari a zamanin yanzu.

Na same ta a ƙarƙashin rumfar kara, ta miƙe ƙafafu a tabarma, rediyo yana magana shi kaɗai a gefenta. Ɗankwalinta ya zame, furfura ta fito, ba ta damu ba.

"Madam ta sabka!" in ji ta. "Ke, ɗiyar ga, Larabawa ba su ba ki abinci? Dubi wuya kamar na zabuwa. Zamna. Mi anka aiko min?"

Na durƙusa na gaishe ta, na zube kayan. Ta shinshina sabulun, ta ɓare goro ɗaya, ta ɗaga atamfar ta ce uwata har yanzu ba ta iya zaɓen zane ba. A nan na ji ina ƙaunarta. Ta dama mini fura da nono mai tsami, na sha, muka taɓa lafiyar gwiwa da ta dangi. Sannan ta miƙo mini mabuɗi a ɗaure da zare.

"Kai sabulun ɗakin ajiya. Ki tura ƙofar da ƙarfi, tana kamawa."

Na tura da ƙarfi. Haske ya shiga, wani abu ya haska mini ido.

Tukwane. Sababbi fil, na dalma, guda shida, an jera su daga babba zuwa babba, don ƙarama ba ta cikinsu. Ta ƙarshen, in na naɗe ƙafa zan zauna a ciki a rufe ni da murfi. A jingine da bango ga muciya ta kai mini kafaɗa, ga ludayi kamar shebur. Manyan farantai an ɗora su a kan juna har sun wuce gwiwata. A gefen kowace tukunya an rubuta da jan fenti, da hannun wanda bai daɗe a lakwal ba: HAMDIYA.

Na fito da kwalin sabulun har yanzu a hannuna.

"Goggo, gidan abinci za ki buɗe?"

"Kayan ɗakinki na."

"Ɗakina ko barikin soja?"

"Uwarki ta sa maƙera sunka zuba su. Ta ce a aje nan, don ke kin cika tambaya."

"Yaushe?"

Ta ɗan yi lissafi da yatsu. "Bayan ƙaramar salla kaɗan. Satin da mutanen Galmi sunka zo gaisuwa."

Wato wata biyu kafin in ja layi ɗaya a takardata. Ina can ina ba ruwan saman Lome maki shida, maƙeri yana nan ya riga ya gama goge murfi.

Goggo ta dube ni da kyau, ta rage muryar rediyo.

"Ke, tsaya. Ba ki sani ba?"

"Mi zan sani?"

"La'ilaha illallahu. Shekara shida kina karatu." Ta tofar da ɓawon goro. "Gidan Alhaji Barmo za a kai ki. Ƙanen uban yaron. Ba ki taɓa jin gidan Alhaji Barmo ba? Dut mai albasa daga Galmi har Madawa ya san shi. Masauki na. Mota ta taso daga nan da kaya, in ta isa Abijan, direba da masu kaya can za su sabka. Su kwana, su ci, su yi wanka, har albasa ta ƙare. Sati guda, sati biyu. Kahin su taso wasu sun iso."

"Otal ke nan."

"Otal ana biya. Nan ba a biya. Maigida a kasuwa yake samun nashi, shi ka saida musu kayan. Gida kuwa na matar gida na."

"Mutum nawa?"

"In kasuwa ta mutu, goma sha biyar. Lokacin albasa, talatin, arba'in. Ban taɓa ƙirgawa ba, farantai nike ƙirgawa."

Ta ce matar Alhaji Barmo ta rasu bara. Tun daga nan motoci suka fara sulalewa zuwa wasu gidaje, don bafatake ba ya komawa inda aka ba shi tuwo mai gudaji. Alhajin ya tsufa, ido ya yi rauni, ya ce zai sakar wa Attahiru gidan da kasuwar, da sharaɗi ɗaya: ya zo da mace daga gida. Duk wannan a masallaci ake zancensa, a gidan suna ake zancensa. Ni kaɗai ce nake ɗaki ina jan layi da rula.

"Sai a ɗauki masu aiki," na ce.

"Ana ɗauka. Su yanka, su wanke, su hura wuta. Amma miya hannunki ta, rabo hannunki na. Baƙo shina zama shi ɗanɗana shi ce, wa ya yi wagga? In anka ce 'yar aiki, ya ji an rena shi, baɗi ba ki ganin motarshi. Kuma ba tuwo ɗai ba. Wani zazzaɓi ya kada shi, ke. Wani ya taho da matarshi asibiti, ɗakinki za ta kwana. Wani ya mutu, ke ka neman likkahwani kahin maza su dawo kasuwa."

Haka ta yi nata zaman. Mijinta ma mai masauki ne, na masu shanu. Na tambaye ta teku fa, tunda ita ce dalilin duk wannan.

"Teku? Awo, akwai ta. Anka ce daga gidanmu tahiyar rabin awa ta. Sau biyu na gan ta. Guda, ina cikin taksi zan kai wani direba likita, yana amai a cinyata. Guda, randa munka taso bayan rasuwar Malam." Ta ɗaga kai kamar tana tunowa. "Ruwa na. Da yawa dai."

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

"Kar ki ji kamar kuka nikai," in ji ta. "Shekara ashirin da biyu ba wanda ya kwana da yunwa gidana. Har yau in na shiga kasuwa, tsohon direba mai jikoki shina sabka bisa babur shi durƙusa min. Aiki na mai lada, ni ban ce ki ƙi ba. Amma wanga buro naki, ban san ƙarfe nawa za ki je shi ba."

Na koma ɗakin ajiya. Na cire takalmina ɗaya na ajiye kusa da babbar tukunyar don a ga girmanta, na ɗauki hoto, na tura wa Attahiru ba tare da kalma ba.

Bai yi minti ɗaya ba.

"Masha Allah! Inna ta yi ƙoƙari." Da fuskar dariya uku.

Na rubuta: "Mutum nawa ke cin abinci gidan Alhaji Barmo?"

Waya ta nuna yana rubutu. Ya daina. Yana rubutu. Ya daina. Sai kira. Na bar ta tana ruri a tafin hannuna har ta gaji. Ya koma rubutu.

"Kina Illela har yanzu?"

"E."

"Ina Badagishiri. Ga ni nan."

Kafin ya iso, saƙon murya ya shigo daga Inna. Ashe ya kira ta, ko ya kira uwarsa ta kira ta, hanyar dai ba ta da tsawo. Minti huɗu da sakan goma. Na taƙaita muku: goro ya tafi Galmi, an raba shi a masallaci bayan sallar Juma'a, liman ya yi addu'a da sunan Abijan. Babana ya fara fita da babbar riga. Ita da ta haife ni ba ta taɓa roƙona komi ba, wanda ba gaskiya ba ne, amma yau tana roƙona kada in tuɓe wa Baba rigar nan a gaban mutane. A ƙarshe ta ce in tambayi Goggo ko man zafin ya yi.

Bayan la'asar motarsa ta tsaya a ƙofar gida. Ya yi sallama sau uku kamar bai san ana jiransa ba. Farar shadda, an goge ta har tana ƙara, hula mai aikin shuɗi, agogon da na ce masa ya fi masa kyau. Ya zo da kankana biyu. Ya durƙusa ya gaida Goggo, ta ce, "Ɗan Galmi, ka sha hanya," ta ja tabarmarta taku uku ta juya mana baya, ta ƙara muryar rediyo kaɗan, daidai yadda za ta ji mu ta kuma ce ba ta ji ba.

Ya zauna a kujerar roba. Ni ina kan turmi.

"Ranki shi daɗe."

"Talatin ko arba'in?"

"Hamdiyya."

"Tambaya ta. In ka fi son a rubuce, ina da biro."

Ya cire hula ya ɗora a gwiwa. "Lokacin albasa sukan kai talatin. Ba kullum ba."

"Alhamdu lillahi. Na ji tsoro, na zata da yawa na."

"Wallahi ban ɓoye miki komi ba. Wa bai san gidan Baba Barmo ba? Ƙaramin yaro a Galmi ya san shi."

"Ni ba ƙaramin yaro a Galmi ba ce."

"To ai ke kinka zaɓa. Ni na ce miki Abijan? Ko sau guda?"

Bai ce ba. Wannan shi ne abin haushin. Na zaro takardata daga jaka na warware ta, don in nuna masa cewa babu layin tuwo a ciki. Ya karɓa, ya bi ta da yatsa a hankali, ya tsaya a ƙasa.

"Ga shi nan. 'Yan gida, goma bisa goma. Randa kinka turo min hoton wagga takarda, wallahi sai da na nuna ma innata. Na ce ki gani, ana cewa 'yar lakwal ba ta son mutane. Ga ta da hannunta ta ba mutane goma."

"Ina nufin in samu wanda zan yi hira da shi."

"To za ki samu."

"Attahiru."

"A'a, tsakani da Allah, mi kinka zata 'yan gida za su zo yi? Su gaishe ki su wuce?"

Masu karatu, e. Abin da na zata ke nan. Na zata za su zo ranar Lahadi da yamma, su sha lemo, mu zagi zafin Ƙonni tare, su tafi gidajensu. Daga bayan Goggo na ga kafaɗunta suna rawa. Ba tari ba ne.

"Da na ce Lome fa?"

"Akwai ƙaramin gida can, na ɗan Baba Barmo. Mutum goma, sha biyu. Da mun fara da shi."

"San Pedro?"

Ya yi dariya, dariyar gaskiya, har ya buga gwiwa. "Wa zai zaɓi San Pedro? Ba mu da kowa can. Motar albasarmu ko guda ba ta zuwa."

Wato gari uku aka ba ni, biyu suna da murhu a kunne, na ukun kuma an tabbata mai hankali ba zai taɓa shi ba. Kuma ba makirci aka ƙulla ba, shi ya fi ci mini rai. Ba wanda ya zauna ya ce a yaudari Hamdiyya. Kowa ya san abin da auren ɗan gidan masauki yake nufi, kamar yadda kowa ya san inda gabas take. Ba a yi wa mutum bayanin gabas.

"Aikina fa?"

"Ki yi abinki mana. Na hana? Buro ba ƙarfe takwas na ba? In anka ɗora tun da asuba, ki raba na safe ki tahi. Na rana a aje musu. Kina tasowa ƙarfe biyar…"

"In ɗora na dare."

"Da masu taya ki."

"Jirgi kuma in ya iso ƙarfe shida, in ce ma patro, mai kamfani, ya jira, miyar kuka ba ta nuna ba."

Ya juya hular a hannunsa sau biyu. Da ya sake magana muryar ta sauka, ba irin ta zance ba.

"Hamdiyya, ki ji. Gidan nan ba nawa ba na ni ɗai. Albasar babana can take sabka. Ta ƙannena, ta maƙwabta, ta mutanen da ba su taɓa fita Galmi ba, sun ba da amanar noman shekara a bayan mota. Bara da Hajiya ta rasu, mota biyu sunka sabka gidan baƙi, anka bar kayan a rana har sunka ruɓe. Mai guda daga ciki ya saida gonarshi. In ban karɓi gidan ba, rufewa zai yi. Ni ma ba a ja min layi anka ce in zaɓa ba."

Ga gaskiya, wannan ya shige ni. Na san warin ruɓaɓɓiyar albasa, duk ɗan yankinmu ya san shi, kuma na san fuskar mutumin da tasa ce. Na dubi Attahiru, gumi ya jiƙa wuyan shaddarsa, ya bar harkarsa a Badagishiri ya taho saboda hoton tukunya. Ba mugu ba ne. Da mugu ne da na ji daɗi.

"Mi ya sa ni?" na ce. "Galmi cike take da 'yan matan da sunka tashi cikin wanga aiki. Wata ma murna za ta yi."

"Su ba su nike so ba."

"To ni da kake so, ka taɓa ganin na dafa ma mutum biyar?"

"Ana koyo."

"Na koyi wani abu. Shekara shida."

Goggo ta yi gyaran murya ta ce wa rediyo, "Shinkafarta ma caɓewa takai." Ba wanda ya tambaye ta.

Attahiru ya matso da kujerar. "Ki ba ni wata guda. In je in zamna da Baba Barmo, a duba. Wataƙila a samu wata dattijuwa daga gida ta riƙe madahwa, ke ki riƙa leƙawa."

"Ka ce baƙo ba ya cin hannun da ba na matar gida ba."

"Ni ban ce ba."

"Goggo ta ce. Ƙarya takai?"

Ya dubi bayan Goggo. Ya dubi ƙasa. "A'a."

"To. Kuma ba ni da wata guda, ina da Alhamis."

"Ki ce musu Abijan. In munka je, sai a san yadda za a yi."

Na san wannan magana. Da ita ake kai mace ko'ina. In an je, ranar farko baƙi goma za su iso da yunwar kwana biyar a hanya, ni kuma ba zan iya kallon mai yunwa in ɗauki jaka in ce ina da buro ba. Na san kaina. Zan ɗora. Washegari ma zan ɗora. Wata uku patro zai kira ni ya yi mini magana mai daɗi da Faransanci, ya ba mai jiran nan kujerata. Ba wanda zai hana ni aiki. Zan daina zuwa ne kawai, kowa ya ce ita ta ga dama.

Na tashi daga kan turmin.

"Ina za ki?"

"Ɗaki."

Ya biyo ni har bakin ɗakin Goggo ya tsaya, don yana da tarbiyya, ba ya taka ɗakin tsohuwa. Na zauna a bakin gadon ƙarfe, ƙarƙashin jeren kwanonin samira da ƙura ta dushe. Na buɗe saƙon kamfanin. Layi biyu na rubuta, na gode musu, na sa sunan gari. Na tuna babbar rigar Baba. Na tuna cewa mutumin da ke tsaye a waje shi kaɗai ne ya taɓa barina in gama magana, kuma wataƙila daga yau ba zai sake tsayawa a ƙofar da nake ciki ba. Na danna. Reso ɗin Illela, sabis ɗin waya, ya yi ta juyi, ya yi ta juyi, kamar shi ma Inna ta kira shi. Sannan saƙon ya tafi.

Na taso na zo bakin ƙofa. Yana nan, hula a hannu, rana ta faɗo masa a rabin fuska.

"Hamdiyya, mi kinka yi?"

"Ka ce inda na ce, can za mu zamna. Gaban Allah ka faɗa ko wasa na?"

Ya buɗe baki. A aljihunsa waya ta fara ruri, a hannuna tawa ta fara, sunan Baba a rubuce.

Na ja ƙofar langa-langar, ta rufe da ƙara, na sa sakata. Ta bayanta na yi magana, yadda shi da Goggo da rediyon duk za su ji.

"San Pedro zan tahi, Attahiru. Na riga na aika. In auren na nan, can za ka same ni."